Leon Fleisher: Makaɗin Da Hannunsa Na Dama Ya Ƙi Aiki, Ya Zama Malamin Makaɗa

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Kwamiti ya nemi in yi magana a kan malami da aikinsa, ya kuma bar mini zaɓin misalin da zan kafa maganata a kai. Na zaɓi tarihin wani Ba'amurke mai suna Leon Fleisher, ana furta sunan kamar a ce Fulaisha, wanda makaɗin fiyano ne kuma malamin makaɗa. Na san wani zai ce, me ya haɗa taronmu da kiɗan Turawa? To, ga abin da ya haɗa. Mutumin nan ya kai ƙololuwa a sana'arsa yana ɗan shekara 36, sai hannunsa na dama ya ƙi aiki, ya yi kimanin shekara 30 a haka. Tambayar da ta fuskance shi ta shafi kowa a zauren nan: idan aka raba mutum da abin da ake girmama shi dominsa, me zai rage masa daga abin da malamansa suka ba shi?

Mene Ne Fiyano?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata in ɗan yi bayanin abin kiɗan, domin in ba a san shi ba, ba za a gane girman asarar da mutumin ya yi ba. Fiyano wani babban akwatin kiɗa ne. Irin wanda ake kaɗawa a manyan zauruka tsawonsa ya kusa ƙafa tara, nauyinsa kuma ya kusa rabin tan. A gabansa akwai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Duk madannin da aka danna, sai wata 'yar guduma da aka lulluɓe da ulu ta daki tsirkiyar ƙarfe a cikin akwatin, tsirkiyoyin kuwa sun haura 200. A ƙasa akwai feda da ake takawa da ƙafa, ɗaya daga cikinsu tana barin sauti ya ci gaba da amo ko bayan an ɗaga yatsa. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

Madannan da ke ɓangaren hagu suna da murya mai kauri, na ɓangaren dama kuwa siririyar murya. Saboda haka a yawancin kaɗe-kaɗe hannun dama shi ke ɗauke da karin, watau abin da kunne ke bi har mutum ya riƙa rerawa a zuci, hannun hagu kuma ya ba shi gindin zama.

Abu na biyu shi ne, irin wannan kiɗa a rubuce yake. Wanda ya tsara shi, kamar Beethoven ko Brahms, ya rubuta kowane sauti a takarda da alamomi na musamman. Makaɗi ba ya ƙara nasa, ba ya ragewa. Aikinsa shi ne ya karanta, ya fahimci nufin mai tsarawa, sa'an nan ya fitar da shi. Idan fiyano kaɗai ke kaɗawa, dogon kiɗan akan kira shi sonata. Idan kuwa tare yake da babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da sarewa da kakaki da ganguna, su sittin ko fiye, ana kiransa konceto, kuma akwai madugu a tsaye da 'yar sanda a hannu yana bi da su.

Ƙuruciyarsa Da Malaminsa

An haifi Leon Fleisher ran 23 ga watan Yuli, 1928, a birnin San Francisco na ƙasar Amurka. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai, uban daga Odessa, uwar daga Folan, sana'ar uban kuwa ɗinkin huluna. Ya fara taɓa fiyano yana ɗan shekara huɗu, ya yi kiɗa a gaban jama'a yana ɗan shekara takwas. Da ya kai tara aka kai shi wurin Artur Schnabel, wanda ba ya karɓar yara ƙanana, amma da ya ji kiɗan yaron sai ya karɓe shi. A 1938 yaron da mahaifiyarsa suka tafi bakin tafkin Como a Italiya inda Schnabel yake koyarwa a lokacin. Da yaƙi ya ƙarato, karatun ya koma birnin New York. Ya yi kimanin shekara goma a hannun wannan malami.

Schnabel ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya fara ɗaukar dukkan sonata 32 na Beethoven a faifai, tsakanin 1932 da 1935, ya kuma bar Jamus a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki. Shi ya yi karatu a birnin Viyana wurin Theodor Leschetizky, wanda cikin almajiransa akwai Paderewski da ya zama Firayim Ministan Folan a 1919. Leschetizky ya yi karatu wurin Carl Czerny, shi kuma Czerny wurin Beethoven kansa, wanda ya rasu a 1827. Ashe ke nan tsakanin wannan yaro ɗan mai ɗinkin hula da Beethoven, malamai uku ne kacal.

Yadda Schnabel yake koyarwa shi ne abin lura. Ba ya ɓata lokaci a kan horon yatsu, wannan aikin ɗalibi ne a gida. Ɗalibai sukan zauna su saurari darasin junansu, ta haka yaro zai ji ana fiɗar kiɗan da shi bai kai gare shi ba tukuna. Darasi ɗaya yakan ɗauki sa'o'i, ana tsayawa a kan layi guda ana tambaya: me mai tsarawa ya rubuta a nan, don me ya rubuta haka, ina wannan jimla ta dosa? Schnabel yana ganin akwai kiɗan da kyansa ya fi ƙarfin duk wani mai kaɗa shi, kuma irinsa kaɗai ya cancanci mutum ya ƙarar da rayuwarsa a kai. An ce shi ma malaminsa ya taɓa gaya masa cewa ba zai taɓa zama gwanin fiyano ba, domin shi masanin kiɗa ne. Mu riƙe wannan bambanci tsakanin gwanin yatsa da masanin kiɗa, domin za mu sake komowa kansa.

Shekarun Ɗaukaka

A 1944, yana ɗan shekara 16, Fleisher ya kaɗa konceto na farko na Brahms a zauren Carnegie da ke New York tare da babbar ƙungiyar makaɗan birnin, ƙarƙashin madugu Pierre Monteux. Monteux ya yaba shi da cewa ba a gano makaɗin fiyano kamarsa ba a wannan ƙarni. Bayan 'yan shekaru Schnabel ya sallame shi don ya tsaya da ƙafafunsa. Saurayin ya koma Turai, gayyata ta ragu, domin jama'a na son yaro mai abin mamaki, amma da zarar ya yi gemu sai a nemi wani yaron.

Abin da ya dawo da shi idon duniya shi ne gasar Sarauniya Elisabeth ta ƙasar Beljiyam a 1952. Gasa ce mai tsanani. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, su goma sha biyu, akan killace su mako guda a wani gida, a ba su sabon kiɗan da ba wanda ya taɓa ji, su koye shi ba malami ba faifai. A nan tarbiyyar Schnabel ta yi rana, domin wanda aka koya wa karanta takarda da kansa ba ya rasa madafa in an raba shi da mai nuna masa. Fleisher ya zo na ɗaya, shi ne Ba'amurke na farko da ya ci wannan gasa.

Daga nan sai ya haɗu da George Szell, madugun ƙungiyar makaɗan birnin Cleveland, mutum mai tsananin horo da ba a cika burge shi ba. Tare suka ɗauki konceto biyar na Beethoven da biyu na Brahms a faifai daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, kuma har yau masana na sanya waɗannan faya-fayai cikin na gaba-gaba. A 1959 ya karɓi aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody a birnin Baltimore. A lokacin, koyarwa aikin gefe ne a wurinsa, dandali shi ne gida.

Ranar Da Hannu Ya Ƙi

A 1964 ya fara jin wani abu a hannunsa na dama. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka riƙa naɗewa cikin tafin hannu ba da sonsa ba. Babu rauni da ake gani, babu wani zafi na a zo a gani. Sai ya yi abin da duk ƙwazon ɗalibi zai yi, ya ɗauka rauni ne na rashin isasshen horo, ya ƙara sa'o'in gwaji a kan waɗanda da ma sun yi yawa. Kowace sa'a da ya ƙara, sai abin ya ƙara lalacewa. A 1965 an shirya zai bi ƙungiyar Cleveland rangadi zuwa Tarayyar Sobiyet. Da Szell ya ji yadda hannun ya koma, tafiyar ba ta yiwu da shi ba. Cikin ƙanƙanin lokaci, mutumin da ake sayen tikiti don a ga yatsunsa ya zama ko rubutu da alƙalami yana ba shi wuya.

Ya zaga likitoci. An yi masa allurai, an gwada allurar gargajiyar Sin, an kai shi wurin likitocin tunani domin wasu na ganin tsoron dandali ne ya kama shi. Babu wanda ya iya ko faɗin sunan cutar. Ya shiga baƙin ciki mai tsanani na wajen shekara biyu, aurensa na biyu ya mutu, ya bar gashi da gemu, ya riƙa yawo a kan Vespa a titunan Baltimore. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2010 bai ɓoye cewa ya yi tunanin kashe kansa ba. Jama'a, na faɗi wannan ne don kada mu mai da labarin tatsuniya. Mutumin bai karɓi ƙaddararsa da murmushi ba, ya sha wuya ƙwarai kafin ya ga hanya.

Abin da ya fitar da shi kuwa, kamar yadda ya sha faɗa daga baya, shi ne ganewar da ya yi cewa dangantakarsa da kiɗa ta fi dangantakarsa da hannu biyu. Abin da Schnabel ya shuka masa a kunne yake da kuma ƙwaƙwalwa, cutar kuwa ba ta taɓa nan ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kiɗan Hannu Ɗaya Da Sandar Madugu

Mu Hausawa muna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma an rubuta kiɗan fiyano na hannu ɗaya, kuma yaƙi na cikin dalilansa. Wani makaɗi ɗan Viyana mai suna Paul Wittgenstein, ɗan gidan attajirai, yayan masanin falsafar nan Ludwig Wittgenstein, ya rasa hannunsa na dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo sai ya yi amfani da dukiyarsa ya biya manyan masu tsara kiɗa su rubuta masa na hannun hagu kaɗai. Mafi shahara shi ne konceto na Maurice Ravel, Bafaranshe, wanda aka fara kaɗawa a Viyana a 1932. Akwai wata hikima a ciki. Idan mutum ya ɗora hannun hagu a kan madannai, babban yatsa, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ke fuskantar ɓangaren siririyar murya, don haka zai iya ɗaukar karin, sauran yatsu huɗu su ba shi gindi, feda kuma ta riƙe sautin yayin da hannun ke tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya rufe ido zai rantse hannu biyu ne ke kaɗawa.

Fleisher ya rungumi wannan konceto da sauran irinsa, kamar na Prokofiev da na Britten, ya zaga duniya da su. Akwai ma ɗaya da Paul Hindemith ya rubuta wa Wittgenstein a 1923, wanda bai so shi ba, ya kulle shi ya hana kowa. Sai bayan rasuwar matarsa aka gano takardun, kuma Fleisher ne ya fara kaɗa shi a bainar jama'a a birnin Berlin a 2004, shekara 81 bayan rubuta shi. Dubi yadda asarar wani soja a yaƙin 1914 ta zama abin dogaron wani mutum bayan shekara hamsin.

Har ila yau ya koyi aikin madugu. A ƙarshen shekarun 1960 shi da wata abokiyar aikinsa suka kafa wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa a birnin Washington. A 1970 ya zama madugun ƙungiyar makaɗan Annapolis, a 1973 kuma mataimakin madugu a Baltimore. Daga 1986 zuwa 1997 shi ne daraktan fasaha na cibiyar horar da matasan makaɗa ta Tanglewood. Mutumin da a da yake zaune shi kaɗai a gaban akwati, yanzu dole ya san aikin mai goge da mai sarewa, ya kuma iya shawo kan mutum tamanin su yi numfashi tare.

Malamin Da Ba Zai Iya Nunawa Ba

Ranku ya daɗe malamanmu, wannan ɓangare naku ne. Fleisher ya ce kafin cutar, idan ɗalibi ya kasa wani wuri, abin da yakan yi shi ne ya gusar da shi daga kujera, ya zauna ya kaɗa, ya ce yi kamar haka. Ɗalibi ya kwaikwaya, a wuce. Da hannu ya ƙi, wannan hanya ta toshe. Dole ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa wancan ya fi wannan kyau, ya nemo kalmomin da zai faɗe shi da su. Abin da yatsunsa suka sani ba tare da tunani ba, yanzu sai da ya fito da shi fili ya ba shi suna. Shi da bakinsa ya ce wannan ne ya mai da shi malamin kirki. Dalilin a bayyane yake. Wanda aka nuna wa ya kwaikwaya ya koyi wannan layi ɗaya ne kawai. Wanda aka bayyana wa dalili kuwa zai iya warware layi dubu da malaminsa bai taɓa gani ba.

Ga misali ɗaya daga cikin koyarwarsa da ya shahara. Yakan ce duk makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya. Na farko yana jin sautin a zuciyarsa kafin a kaɗa, ya san sarai abin da yake so. Na biyu shi ke danna madannai. Na uku yana zaune can nesa kamar ɗan kallo, yana sauraren abin da ya fito, yana gwada shi da abin da na farko ya nufa, in bai yi daidai ba ya gaya wa na biyu ya gyara. Yawancin ɗalibai na biyun kaɗai suke horarwa, suna gwaji sa'a takwas ba su san me suke nema ba. 'Yan'uwa ma'aikata, duk wanda ya taɓa rubuta takardar ofis ya san mutanen nan uku. Akwai wanda ya san abin da ake son takardar ta cim ma, akwai mai rubutawa, akwai kuma mai sake karantawa da idon wanda za a aika wa. Sau da yawa fayil yakan yi ta yawo daga tebur zuwa tebur ne don na biyun kaɗai ya zo aiki.

Bugu da ƙari, ya ci gaba da al'adar Schnabel ta tara ɗalibai su saurari darasin juna. Ya kuma riƙa gargaɗin matasa game da abin da ya same shi, cewa jiki yana da iyaka, kuma maimaita abu ba tare da tunani ba yana iya lalata hannun da ake son ƙarfafawa. Ya koyar a Peabody fiye da shekara 60, ya kuma koyar a makarantar Curtis ta Philadelphia da ta Toronto a Kanada. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai André Watts, ɗan wani soja baƙar fatar Amurka, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan fiyano na ƙasar, akwai Yefim Bronfman, da Louis Lortie na Kanada, da Hélène Grimaud ta Faransa, da Jonathan Biss. Ba su yi kama da juna a kiɗa ba, kuma wannan shi ne shaidar malamin, domin bai buga su a hatimi ɗaya ba.

Sunan Cutar Da Dawowar Hannu

Duk tsawon shekarun nan bai daina gwada hannun dama ba. A 1981 aka yi masa tiyata a wuyan hannu, a 1982 ya fito da hannu biyu a bikin buɗe sabon zauren kiɗa na Meyerhoff a Baltimore, aka nuna a talabijin, jaridu suka yi ta murna. Amma shi ya san hannun bai warke ba, har sai da aka sauya kiɗan da aka shirya da wani mai sauƙi. Ya koma hannun hagu na wasu shekaru fiye da goma.

Sai a shekarun 1990 aka tabbatar da sunan abin, watau distoniya mai kama gaɓa guda. Cutar ba a hannu take ba, a ƙwaƙwalwa take. A cikin ƙwaƙwalwa kowane yatsa yana da gurbinsa, kamar filaye a taswira. Idan mutum ya shekara da shekaru yana maimaita motsi ɗaya da sauri, iyakokin filayen nan sukan iya cuɗewa, sai saƙon da aka aika wa yatsa ɗaya ya faɗa wa maƙwabcinsa, tsoka ta ɗame ta ƙi saki. Masu bincike na ƙiyasta cewa tana kama wajen mutum ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, kuma danginta ne ke kama hannun akawu da masu yawan rubutu. Wannan ya nuna dalilin da ƙarin gwajin da ya yi a 1964 ya zama kamar zuba wa wuta fetur. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Abokinsa Gary Graffman ya gamu da irin wannan matsala a ƙarshen shekarun 1970, shi ma ya koma koyarwa, shi ne malamin Lang Lang da Yuja Wang na ƙasar Sin. A 1996 aka rubuta musu kiɗa su biyu, kowa da fiyanonsa, kowa da hannun hagu.

Abin da ya taimaki Fleisher abu biyu ne: wata irin tausa mai zurfi da ke sassauta tsoka, da allurar Botox. Ita Botox guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa. Idan aka zuba ɗan mitsitsi a tsokar da ke ɗamewa, sai ta rage mata ƙarfi, yatsa ya samu ya miƙe. Ƙarfinta na gushewa bayan 'yan watanni, sai an sake. A 1995 ya kaɗa wani konceto na Mozart da hannu biyu tare da ƙungiyar Cleveland, ita dai wadda ya rabu da ita shekara 30 da suka wuce. A 2003 ya yi kiɗa shi kaɗai a zauren Carnegie, a 2004 kuma ya fitar da faifai mai suna Two Hands, ma'ana hannu biyu, na farko irinsa cikin kimanin shekara 40. A ciki akwai sonata ta ƙarshe da Schubert ya rubuta a 1828, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Bai taɓa cewa ya warke ba. Akwai kaɗe-kaɗen da hannun bai sake iya ɗauka ba har abada, sai ya zaɓi waɗanda zai iya. Masu saurare da dama sun ce kiɗan tsohon ya fi na saurayin natsuwa da zurfi, domin shekarun da ya yi yana bayyana wa ɗalibai dalili sun koma cikin yatsunsa.

A 2007 aka ba shi lambar girma ta Cibiyar Kennedy, ɗaya daga cikin mafi daraja da Amurka ke bai wa masu fasaha. Ya rasu a Baltimore ran 2 ga watan Agusta, 2020, yana da shekara 92. Har kwanakinsa na ƙarshe yana koyar da ɗalibai ta intanet.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, jama'a, da Schnabel gudun yatsa kaɗai ya koya wa yaron nan, da labarinsa ya ƙare a 1965. Abin da ya koya masa shi ne yadda zai karanta, ya saurara, ya tambayi dalili, kuma da wannan ya yi aiki shekara 55 bayan hannun ya ƙi.

Yawancinmu 'yan aji yanzu muna kan ganiyarmu, kusan shekarun da Fleisher yake ciki da abin ya same shi. Wasu na riƙe da kujera a ma'aikata, wasu kasuwa ta buɗe musu. Kujera kuwa mun ga yadda takarda guda take raba mutum da ita, lafiya ma haka. Yana da kyau kowannenmu ya tambayi kansa tun yanzu, me na sani wanda ba a jingine yake da ofishina ba, kuma wa na koya wa? A cikinmu akwai wanda aikinsa ya tsaya ko jikinsa ya gaza, ya daina zuwa taro don kunya. A neme shi. Shekaru biyun da Fleisher ya yi cikin duhu sun isa su nuna mana cewa irin wannan lokaci yana da haɗari, kuma mutum yana iya fita daga cikinsa da sauran amfani mai yawa a gaba.

Ku kuma iyayenmu malamai, da yawanku kun koyar ba isassun littattafai, ba kayan gwaji, kamar mai kiɗa da hannu ɗaya. Sai kuka yi da baki da alli, kuka bayyana mana dalili. Fleisher yana iya lissafa malamansa har zuwa Beethoven. Mu ma muna iya lissafa namu, ga wasu nan zaune a gabanmu, kuma nauyin da ke kanmu shi ne kada silsilar ta yanke a hannunmu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙansu.